Yadda zaka kai agogo gyara a Jos ba tare da ka dawo kana cizon yatsa ba

Rigimar da ake yi da masu gyaran agogo tun ranar miƙawa ake shuka ta, cikin 'yan mintunan nan da ka tsaya gaban tebur kana sauri zaka tari keke, ka ce "Malam ga shi ya tsaya a duba min", shi kuma ko ɗagowa bai yi sosai ba ya jefa shi cikin gwangwani tare da na wasu ya ce ka dawo jibi. Baka san me ke cikin agogon ba, baku yi ciniki ba, ba takarda ba shaida, toh ranar da ka dawo ka ga ba daidai ba da me zaka kama shi? Duk wanda ke bi ta Terminus da Ahmadu Bello Way zuwa wajen Masallacin Juma'a ya san teburan nan masu akwatin gilashi, a cikinsu akwai dattawan da wallahi sun san aikin nan kamar yunwar cikinsu, akwai kuma wanda iya canza batir kawai ya koya amma duk abin da ka kawo ba zai taɓa ce maka bai iya ba.

Fara da sanin wane irin agogo ne a hannunka, tun daga gida. Duba fuskarsa da bayansa. In an rubuta Quartz mai batir ne, kuma zaka ga hannun sakan ɗinsa yana tsalle ɗaya ɗaya, tak, tak, sau ɗaya duk sakan. In an rubuta Automatic, irin su Seiko 5 da Orient da iyayenmu suka yi yayi, wannan ba shi da batir kwata-kwata, motsin hannunka ne ke juya wani faifan ƙarfe a ciki yana ɗaure sifirin, hannun sakan ɗinsa kuma sulalewa yake yi ba tsalle ba, in ka girgiza shi kusa da kunne zaka ji abu na juyawa. Irin wannan in ka ajiye shi kwana biyu baka ɗaura ba yawanci zai tsaya saboda ƙarfin da akasarinsu ke tarawa bai wuce na awa 40 da 'yan kai ba, lafiyarsa ƙalau, ka girgiza shi ka ɗaura ka saita lokaci. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyara a kan wannan kawai. Akwai na uku masu cin haske, Citizen Eco-Drive da Casio masu rubutun Tough Solar, su abin da ke cikinsu caji yake yi da haske, in ya tsaya ka ajiye shi wajen taga ya sha haske na 'yan kwanaki tukunna, kuma kada ka yarda a cusa masa batir na gama-gari, kamfanin da kansa ya hana saboda agogon zai riƙa tura masa caji har ya kumbura ya lalata injin.

Sai ka juya bayansa ka ɗauki hoto mai kyau da wayarka, yadda lambobin zasu fito. A Seiko zaka ga wata lamba mai gida biyu kamar 7009 ko 7S26 sannan ɗan layi da wasu huɗu, ta farkon nan ita ce lambar injin, kuma akwai wata mai guda shida wadda ta wannan agogon ce shi kaɗai. A Casio lambar injin tana cikin ɗan akwati a murfin baya, misali ƙaramin baƙin nan F-91W da ya fito tun 1989 tasa 593 ce. Ka ɗauki fuskar ma, da gefen, da duk wani ƙarcewa da ke jiki, da sarƙar har ka ƙirga gaɓoɓinta.

Abin da ya sa na nace a kan lambar inji, abin da ya samu Baffana ne. Yana da Seiko 5 tsohon yayi mai murfin ƙarfe, tsarabar aikin hajji, irin mai nuna rana da Larabci a gefe, gilashin ne ya tsage kuma ya fara rage lokaci kaɗan, ya kai wa wani mai tebur a cikin gari. Aka ce masa gobe, goben ta koma sati, satin ya koma "Alhaji kayan na hanya daga Legas", har dai ya gaji da sintiri ya fara aika yara. Ranar da aka kawo agogon yana ta ƙyalli, sabon gilashi, an goge jiki, Baffa har da sa albarka. Ni ne na karɓa ina juyawa na ji ya yi sakayau a hannu, na girgiza ban ji komai ba, na duba hannun sakan sai ga shi yana tak, tak, tak. Na ce Baffa yaushe agogon nan ya koma mai batir? Ya ce wane irin batir kuma, agogon da tun kafin a haife ka bai taɓa shan batir ba. Muka kai wani wurin aka buɗe, ɗan injin China ne ƙarami zaune tsakiyar farar roba, an yanke 'yan ƙafafun da ke riƙe fuskar a jikin inji an manna ta da gam, ranar ma an daskarar da ita a kan Laraba ba ta ƙara motsi.

Da muka koma mutumin ko gezau, cewa ya yi "Baba injin naka ya riga ya mutu, taimakonka na yi na sa maka sabo." Aka ce to ina tsohon, ya ce yaro ya share. Garin gyaran gira an rasa ido kenan. Kuma abin haushin babu abin da zamu nuna, ba hoto, ba takarda, maganarsa ce da tamu.

Toh wajen zaɓen mai gyara kada ka bi girman allo ko yawan agogunan da aka rataya, tsaya gefe ka kalli yadda yake wa wani aiki. Teburin a share yake ko ƙura ce da ɓawon gyaɗa? Da me yake buɗe murfi? Murfin baya kala uku ne, akwai mai ɓallewa da ake ɗagawa da 'yar wuƙa ta musamman, akwai mai ƙananan kusoshi da ake kwancewa da siririyar sukundireba, akwai kuma mai zare da ake murɗawa, shi zaka ga 'yan ramuka zagaye da bakinsa kuma yana da maɓuɗinsa mai haƙora. In ka ga mutum ya ɗauko almakashi ko ƙusa da guduma zai buga mai zaren nan, karɓi kayanka ka yi masa sai anjima. Duba ko yana da ɗan madubin nan da suke maƙalawa a ido, ko yana rufe injin da ya buɗe da kofi ko wani murfi, musamman lokacin hunturu da ƙurar garin nan ke shiga ko'ina, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tsayar da ƙaramin inji. Sannan ka tambayi masu shagon da ke kusa tun yaushe yake wurin. Wannan tambayar tana da muhimmanci a Jos, tun gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 'yan kasuwa da yawa a bakin titi suke, kuma lokaci lokaci hukuma kan tashe su, mai teburin da ka gani yau ba lallai ka same shi nan wani watan ba ko da shi mutumin kirki ne. Karɓi lambar wayarsa ka kira a gabansa ka ji ta yi ƙara.

In kun daidaita ka ce a buɗe a gabanka. Ba rashin kunya bane kuma mai gaskiya ba ya jin haushi, cikin ladabi zaka ce "Baba don Allah a buɗe in gani, ina so in ɗauki hoton cikin." Ka ɗauka, ka tabbatar lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta murfi, a Seiko ana zana ta a jikin injin, sau da yawa a kan faifan nan mai juyawa. Daga lokacin da ya ga ka ɗauki hoton nan magana ta canza, ko da yana da wata niyya ya san ka san abin da ka bari.

Canjin batir kuwa ba aikin da ake barin agogo ya kwana saboda shi bane, minti goma ya yi yawa, ka tsaya a yi a gabanka. Amma nan ma ana cutar mutane ta hanyar da basa lura. Yawancin agogo masu hannu suna shan batir mai lamba da ta fara da SR, kamar SR626SW wanda ake kira 377, ko SR621SW wato 364, ko SR920SW wato 371. Akwai wasu masu girma ɗaya da su sak da lambarsu ta fara da LR ko AG, irin na kati da ake sayarwa da araha, zasu shiga kuma agogon zai tashi, amma basa daɗewa kuma sun fi saurin yoyo, in suka yi yoyo zaka ga wani farin gari ko kore-kore ya ci ƙarfen da ke taɓa batirin, wani lokacin har cikin inji. Ka ce a nuna maka batirin a cikin ledarsa kafin a ɓare, ka karanta lambar da idonka, Maxell ko Renata ko Murata in da hali, duk da su ma ana jabunsu don haka ka duba rubutun ya fito tsaf da ranar ƙarewar aiki. Masu lambobi irin Casio su kuma faffaɗan nan suke sha, CR2016 ko CR2025 da makamantansu, kuma bayan an sa sabo ana taɓa wani wuri da aka rubuta AC da bayan batirin a lokaci guda don agogon ya farfaɗo, wanda bai san wannan ba sai ya ce maka agogon ya mutu alhali ba abin da ya same shi. Batir mai kyau a agogo mai hannu yana kai shekara biyu zuwa uku, na F-91W kamfanin cewa ya yi kusan shekara 7. In naka yana cinye batir duk wata uku to ko batirin jabu ne ko injin ya yi datti yana jan wuta, ka daina canzawa a duba ciki. Wasu agogunan ma suna gaya maka da kansu, in batir ya kusa ƙarewa hannun sakan sai ya riƙa tsallake biyu biyu ko huɗu huɗu, ba lalacewa bane. Kuma ka karɓi tsohon batirinka, kada a goge shi a sa wa na bayanka.

Kafin a mayar da murfi ka leƙa ka ga wani siririn zoben roba baƙi da ke zagaye da bakin. Shi ne ke hana ruwa shiga, kuma shi ne abin da aka fi yarwa ko a datse shi da murfi. In ya bushe ya tsattsage ko ya saki a canza, a ɗan shafa masa man da ake shafa masa a zaunar da shi daidai. Mu da muke alwala sau biyar a rana wannan robar ta fi mana komai, ga sanyin Jos da ke sa mutum alwala da ruwan zafi, zafi da tururi kuwa suna gajiyar da roba da wuri. Rubutun 30M da ke bayan agogo ba yana nufin ka shiga ruwa mita talatin bane, iyakarsa fantsalin ruwa da yayyafi, sai daga 100M ne ake maganar iyo. Kuma gaskiyar magana da zarar an buɗe agogo a tebur ba a gwada shi da na'urar gwajin ruwa ba, wadda yawancinsu basu da ita, ka ɗauka kawai ba ya jure ruwa, ka riƙa cirewa kafin alwala. In ka wayi gari ka ga hazo a cikin gilashi kada ka tsaya binne shi cikin shinkafa, kai shi a buɗe a busar a ranar, tsatsa ba ta jira.

Inda aka fi shan wahala shi ne sabis na Automatic. Sabis na gaskiya ana warware injin ne ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane ƙarfe, a busar, a mayar, a ɗiga mai na musamman ɗan mitsitsi a wuraren da ake sawa kawai, sannan a saita gudunsa a ajiye shi ana lura da shi na 'yan kwanaki. Abin da wasu ke kira sabis kuwa shi ne a tsoma injin gaba ɗaya cikin fetur a kaɗa, a hura masa iska, a ɗiga man keken ɗinki, ya tashi yana gudu ka biya ka tafi, bayan wata biyu man ya kama ƙura ya daskare agogon ya fi da lalacewa. Don haka ka tambaya kai tsaye, "Malam warwarewa zaka yi ko wankewa?" ka ji amsar da zai baka, in ya ce ka zauna yanzu zai gama maka sabis cikin rabin awa ka san wanne ne. Sannan kafin ka yarda da sabis ɗin ma, in matsalar ita ce agogon ya fara gudu fiye da kima kwatsam, yana ƙara mintuna a rana, mai yiwuwa maganaɗisu ya kama, daga ajiye shi kan sifika ko jikin waya ko maɓallin jaka. Kawo shi kusa da kamfas, ko irin na jikin sallaya ma ya isa, in allurar ta karkata ta bi shi to shi ne, kuma akwai 'yar na'ura da ke cire shi cikin daƙiƙu ba sai an kwance komai ba.

Ciniki a gama shi kafin ka bar wurin, kuma a rubuta. Ko rasit babu a yagi takarda a rubuta sunan agogon da lambarsa, aikin da za a yi, kuɗin aiki daban kuɗin kaya daban, ranar karɓa, ya sa hannu. In ya ce shi ba ya rubutu ka tura masa saƙon WhatsApp ko ka yi masa na murya a gabansa ya amsa. Ka faɗa masa da bakinka cewa kada a canza komai sai an kira ka, kuma duk abin da aka cire naka ne a ajiye maka, har gaɓoɓin sarƙa in an rage ta. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan da za a sayo, kuma turawa ta banki ta fi, tana barin shaida. Su ma masu gyaran a yi musu adalci dai, kayan tsofaffin agoguna sun yi wuya, sai an aika Kano ko Legas ko a ciro daga wani mataccen agogon, ga tsadar dala, in ya ce sati biyu ka bashi sati biyu, abin da ba a yarda da shi ba shi ne gobe da ba ta ƙarewa.

Ranar karɓa kada ka je da magariba kana sauri. Fito da shi haske, buɗe hotunanka ka gwada. Jawo kunnen saitawa, ɗan abin murɗawar nan na gefen agogo, ka juya hannayen su zagaya awa goma sha biyu sau biyu, ka ga basa gogar juna ko gilashi, ka ga kwanan wata ya juya wajen sha biyun dare ba tsakar rana ba, ka ga in hannun minti yana kan 12 na awa yana kan lamba daidai. Leƙa ƙarƙashin gilashi ko an bar zanen yatsa ko ƙura ko gam a gefe. A sake buɗe bayan ka ga injinka da robarka. Ka saita shi da agogon waya ka ce zaka riƙe cikon kuɗin ko a baka sharaɗin dawowa kyauta in ya bada matsala cikin wata guda, mai batir lafiyayye bai kamata ya kauce fiye da sakan 20 ko makamancin haka a wata ba, Seiko 5 kuwa in bai kai minti ɗaya a rana ba ka ƙyale shi haka suke. Wani abu da ke karya agogo bayan gyara a ɗora wa mai gyara laifi, canza kwanan wata da kunne tsakanin tara na dare zuwa wajen uku na asuba, lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama, ka matsar da hannayen zuwa ƙarfe shida tukunna.

Ba kowane canjin inji ne cuta ba fa. Agogunan kwalliya irin na lefe da na tsaraba yawancinsu ɗan inji ne mai araha a ciki kamar Miyota 2035, ba wanda ke ɓata lokacin warware shi, cire shi ake yi a sa sabo kuma daidai ne, in dai an gaya maka kuma an sa irinsa. Mai tsada sosai kuwa, Rolex ko Omega ko Rado na asali, ni ban ga dalilin kai shi tebur ba ko batir ne, gara ka haƙura har ka samu wurin da kamfanin ya amince da shi, ko da sai an kai Abuja ko Legas.

In kuma an riga an yi maka ɓarnar, kada ka je da faɗa kai kaɗai, hayaniya a kasuwa mai wurin take taimaka wa. Ka fara kai agogon wani mai gyaran ya buɗe ya faɗa maka abin da ya gani, ka ɗauki hoto, sannan ka je da mutum ɗaya mai natsuwa ku same shi. In ya ƙi sai shugaban layin ko na ƙungiyar 'yan kasuwar wurin, sun fi kowa iya matsa masa don shi ma ba ya son a ɓata masa suna a inda yake ci. In ya fake da cewa ƙaddara ce ta ɓata ko yaro ya yar, a tuna masa a fiƙihun Malikiyya da muke bi mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a bayan idon mai shi, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa bane. Ta ɓangaren hukuma akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, dokarta ta 2018 ta ce wanda ya yi maka aiki mara kyau ko dai ya gyara ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗinka, ana shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet, amma wannan ya fi tasiri a kan shago mai rajista da rasit, mai tebur sai dai hanyar kasuwa. Kuma in inji aka cire maka, injin zaka nema ba kuɗin gyara ba, don abin da zai mayar maka ba lallai ya kai kuɗin wani injin ba. In ya ce ya ɓata to ya nemo irinsa mai lamba ɗaya ko da na hannu ne, su 7009 da 7S26 an yi su da yawa ana samunsu wajen masu tsofaffin agoguna, a kai wa wani mai gyaran daban ya ɗaura a gabanka, shi kuma ya biya kuɗin aikin.